Zahafa Goma Sha Ɗaya a Tsakar Gidanmu

Kwana uku muna zaman makoki, ban ji mutum ɗaya ya ce Baba mai haƙuri ne ba. An ce mai gaskiya ne, an ce mai zumunci ne, an ce hannunsa na da albarka, amma ko masu santsin baki ba su iya ɗora masa haƙuri ba, kuma na ji daɗi da ba su yi wa mamaci ƙarya ba. Tsohon Bayamanen nan mai shayi a bakin layinmu ya zo yi wa ƙanena Auta gaisuwa, ya ce shekara talatin Baba na shan shayinsa, bai taɓa ganin ya ƙarasa kofi a zaune ba. Limamin unguwa ya ce shi kuwa bai san wani da ke fara neman takalminsa da ido tun ana zaman tahiya ba sai Baba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka tuna inda ake, aka shafa fatiha.

Mata a tsakar gida suka zauna, kuma rabinsu ba su san a kan me suke zaune ba. Sun ɗauka bencina ne da aka yi wa muguwar ƙira. Wata maƙwabciyarmu ta gyara zama, ta shafa cinyarta inda katako ya danne ta, ta ce da Inna, "To, Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Yanzu sai a kwashe tarkacen nan ku samu wurin shanya." Na ji raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Daga baya na tuna ni ce na fi kowa faɗin wannan maganar, shekara da shekaru, a gabansa da bayan idonsa. Ranar na ƙudurta sai na faɗi ko wane ne mutumin nan, tun kafin a kwashe tarkacen a manta.

Abin da suke zaune a kai sunansa zahafa, haka mutanen Sudan ke ce mata. Abin jan gungume ce. Itace biyu ne dogaye kwance a ƙasa, gabansu ya ɗan tanƙwaro sama don kada ya caki ƙasa, Baba na kiransu ƙafafu. A kansu ana gicciya wani guntun itace mai kauri, shi ne matashi. Sai a ɗora kan gungume bisa matashin a ɗaure, jelarsa na jan ƙasa, shanu su ja. Ba taya, ba ƙusa ko ɗaya. Da igiyar ɗanyar fata ake ɗaure ta, in fatar ta bushe ta kama ta fi ƙarfe.

Babu daji a Jidda, babu shanun ja, kuma babu wanda ya taɓa cewa yana bukatar zahafa. Duk da haka Baba ya ƙera goma sha ɗaya cikin shekara ashirin da 'yan kai, a gidanmu na kwano da katakon akwati a unguwar Karantina. Abu ɗaya yake nema. Mahaifinsa, Kakanmu da ba mu taɓa gani ba, yana jan gumaguman bagaruwa da zahafa a bakin kogi can ƙasar Sudan, kuma a faɗar Baba tasa ba ta taɓa kifewa ba. Ta Baba kuwa tana tafiya lafiya in hanya a miƙe take, da an zo shan kwana sai ta ɗaga ƙafa ɗaya ta zube da gungumen. Burinsa kafin ya mutu ya ga tasa ta sha kwana a tsaye kamar ta ubansa. Wannan ne ya hana shi zama, ya hana mu.

Kafinta ne na gaske, kada a ɗauka wasa kawai ya iya. Ya yi shekaru a bakin teku wurin wani Balarabe Bahadrame mai ƙera jiragen ruwa na katako, daga baya ya koma gyaran tagogi da ƙofofin tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Da sassafe yake fita da gizago a kafaɗa, da ƙafa, don ya ce jiran mota ɓata rai ne. In ya gyara wa gwauruwa ƙofa ba ya karɓar komai, kuma ba ya tsayawa godiya. Tana cikin sa albarka zai ce, "To, to, madalla," ya riga ya kai bakin layi. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake ce mini, ko "wannan", kuma daga yadda ya ja "ke" ɗin nake sanin ko shayi yake so ko na yi laifi.

Bahadramen nan ne ya ba shi gungumen gwaji, guntun itacen jirgi mai tsawon kamu shida. Inna ta sa masa suna Baƙon Malam, tana cewa ba ta taɓa ganin baƙon da ya zo ya kwanta shekara ashirin ba tare da ya ce zai tafi ba. A kansa muke yanka albasa, a kansa jikoki suka koyi tsayuwa.

Duk bayan Sallar Layya, sa'ad da fata ta wadata a gari, aiki ke tashi. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ni ce mai jiƙa fata da kankare gashi da yanka ta siri-siri. Warin ba ya barin hannu sai an yi mako. Shi kuma yana sassaƙa yana magana da itacen, yana yi masa faɗa. In ta haɗu ta bushe, sai a ari jakuna biyu wurin mai sayar mana da ruwa, a fita filin gishiri da ke bayan gidaje. Akwai gawar wata tsohuwar mota a tsakiyar filin, ita ake zagayawa. Mai ruwa ya ja jakunan, Baba ya tsuguna gefe, hannu a baya, ido a kan matashi. A farkon shekaru unguwa kan fito kallo. Su tafi, su tafi, a zo kwana, ƙafar dama ta ɗaga, gungume ya mirgina, yara su yi ihu.

Sau ɗaya mai ruwa ya ji tausayinsa, da ya ga ta fara ɗagawa sai ya saki igiya ya ruga ya sa hannu. Baba ya miƙe kamar an zuba masa garwashi.

"Wa ya ce ka taɓa ta?"

"Malam, faɗuwa za ta yi."

"Ta faɗi mana. Ta tsohona ba a taɓa ta. In sai an riƙe ta, ai ban yi komai ba ke nan."

Auta direban babbar mota ne, haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya fi kowa son Baba, ya kuma fi kowa jin kunyar abin nan, don abokansa na tsokanarsa da shi a gareji. Wata rana ya ce, "Ya Abuya, ka ƙara mata faɗi mana, halas, shi ke nan. In ta yi faɗi ba za ta kife ba. Ko ka kawo in ɗora maka gungumen a mota in kai shi duk inda kake so, minti biyar."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "In na faɗaɗa ta ai gado na yi. Ta ina gado zai bi tsakanin bagaruwa? Faɗinta kamu ɗaya da taƙi, ba ƙari. Ni na san wannan, don na sha tsallake ta."

Faɗanmu mafi muni a kan ta bakwai aka yi shi. Baba ya ce ya gano cewa tanƙwarar ƙafa ba a sassaƙa ta, dole itacen ya tashi a tanƙware tun yana bishiya. Shekara biyu yana yawo bakin teku har ya samu haƙarƙarin wani mataccen jirgi guda biyu masu lanƙwasa iri ɗaya. Ya jingine su bayan randa, kullum sai ya shafa su. Ran sunan ɗan Auta na fari, gida cike da mata, shinkafa ta ɗauko dahuwa, itace ya ƙare, Baba kuma ya fita. Na duba na ga su. Ba zan ce ban san mene ne ba, na sani sarai. Na gaji da warin fata, na gaji da dariyar maƙwabta, na ɗauki gatari na faskara ɗaya na tura ƙarƙashin tukunya. Ya ci wuta da kyau, shinkafa ta yi daɗi.

Da ya dawo ya ga ɗaya a jingine, ya ga sauran guntayen a murhu, na shirya wa tsawa. Bai yi ba. Ya tsuguna ya zaro wani guntu da bai gama ci ba, ya kashe shi a ƙasa, ya shiga ɗaki da shi. Wata guda bai ce mini "ke" ba. In yana son shayi sai ya gaya wa Inna, ina tsaye a wurin. Ban taɓa sanin ina son wannan "ke" ɗin ba sai da na rasa ta.

Ranar da ya huce, fata ya jefo gabana ya ce, "Ke, jiƙa wannan." Ina kankara yana tsaye a kaina, yana sauya ƙafa, sai ya fara magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce iyayensa daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna. Tun yana shekara goma sha huɗu yake jan shanun Kaka, shi a gaba da igiya, gungume na biye. Shekara shida. Wata rana ayarin alhazai ya ratsa garin, sai ya ce wa ubansa, a gaban mutane, "Mu ba Makka muka nufa ba? Kun zauna kuna bin bayan shanu." Kaka bai yi fushi ba. Ya ce, "Bari rani ya wuce, akwai abin da ban nuna maka ba a wajen matashi. In ka iya shi sai mu yi maganar tafiya." Baba bai jira rani ba, ya bi ayari ko sallama babu. Bayan shekara huɗu wasiƙa ta same shi a Jidda cewa tsohon ya rasu.

"Da farko kunya ta hana ni komawa," in ji shi. "Daga baya ku. Daga baya kuma takardu, in na fita ban san ko za a bar ni in dawo ba. Wata uku kawai ya ce in jira. Wani ɗauri ne a matashin nan, na tabbata, kuma zan gano shi."

Daga ranar ban sake kiran kayansa tarkace a gabansa ba. A bayan idonsa dai ban fasa ba, kada in yi wa kaina ado.

Lokacin aikin Hajji kuwa ba a ganinsa a gida. Ya sassaƙa 'yar ƙaramar zahafa da ba ta wuce tafin hannu ba, yana yawo da ita a aljihu. Sai ya tafi masaukin alhazai kusa da tashar jiragen ruwa, yana bin tsofaffin da suka sauko daga Sudan ɗaya bayan ɗaya, yana nuna musu. Wasu su ce sun taɓa gani suna yara, wasu su ɗauka sayarwa yake yi. Duk wanda ya ce ya sani, Baba zai kwaso shi har gida, Inna ta dafa, a ci, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Akwai wani tsoho da ya rantse shi maƙerin zahafa ne, ashe yunwa ce da gyambo a ƙafa suka sa shi rantsuwa. Tun daren farko Baba ya gane ƙarya yake yi. Wata bakwai mutumin ya yi a zaurenmu, kuma kowace safiya Baba ne ke wanke masa gyambon da ruwan gishiri, yana mita, yana cewa, "Miƙo ƙafar, maƙaryacin banza, ina da aiki." Da ya warke shi ya raka shi jirgi. Ya kuma aika wasiƙu Sudan ba adadi, mazan gidan su karanta, su ne kuma masu ba da amsa, kullum amsar ɗaya ce, masu wannan aikin sun ƙare.

Ta goma sha ɗaya ya ƙera ta ne hannunsa na rawa, idonsa na dama ya yi hazo. Ta kife kamar 'yan uwanta, kuma ranar ko yaro ɗaya bai fito kallo ba. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida yana duban su duka, ya ce da Inna, "Ina jin ba zan kai ba." Tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin ya faɗi haka a kan komai ba.

Da shekara ta zagayo ne Goggo ta zo Hajji. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar ta tana 'yar shekara goma sha biyu, yanzu ga ta tsohuwa da sanda, ta sauko daga jirgin Bur Sudan cikin mutanen garinsu. Shekara hamsin ba su ga juna ba. Da aka shigo da ita suka tsaya suna kallon juna, sai Baba ya ce, "Kin tsufa." Ta ce, "Kai ma, Yaya, ba a bar ka ba." Daga nan kuka ya ƙwace musu, mu ma muka taya su.

Washegari da hantsi ta fito alwala, ta yi tuntuɓe da ƙafar ta goma sha ɗaya. Auta ya tafi Madina da kayan alhazai, Inna tana kasuwa, daga ni sai su biyu. Goggo ta sunkuya ta shafa itacen, ta bi igiyar fatar da yatsa har ƙarshenta.

"Ikon Allah. Wa ke jan bagaruwa a garin nan?"

"Ni na yi ta," in ji Baba.

"Ai na gani. Ɗaurin Abba ne sak, har inda yake soke bakin igiya."

Baba ya ce, "Ba sak ba ne. Da sak ne da ba ta kifewa. Duk kwana sai ta zube, shekara ashirin ke nan."

Goggo ta waiga hagu da dama, kamar mai neman tsintsiya. "To ina gwafar?"

"Wace gwafa?"

"Gwafar tokarewa mana. Wa ke bin ta a baya?"

"Ba a bin ta. Ta Abba ba a taɓa ta."

Goggo ta dube shi. Sannan ta nemi gefen gungume ta zauna, ta ajiye butar. Ta ce, "Yaya, kai kana gaba da shanu kana ta waƙarka. Abba na baya da gwafa. Duk kwanar da za a sha, sai ya kafa bakinta a jikin gungume, ya sa gindinta a kafaɗa, ya tokare har a wuce. Kowace zahafa kifewa take yi in ba mutum. Shi ya hana a gaya maka, ya ce in ka sani za ka riƙa waiwaye, shanu su kauce su hau kututture. Ni ke shafa masa man shanu a kafaɗar kullum da yamma. Wurin ya yi kanta, baƙi ƙirin, hannun ba ya ɗaguwa sama da haka." Ta ɗaga nata hannun zuwa ƙirji.

Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ya ce akwai abin da zai nuna mini a matashi."

"Tsayuwar ce. Inda ake tsayawa kusa da matashi. Kafaɗarsa ta ƙare, Yaya. Jira yake rani ya wuce ƙashinka ya ƙara ƙwari, ya ba ka gwafar, shi ya koma gaba ya huta. Da ka tafi ni na karɓi shanun, shi ya ci gaba da tokarewa. Shekara biyu muka yi a haka, sannan hannun ya mutu gaba ɗaya." Ta ɗauki butarta. "Ni dai ina waiwaye. Ya yi faɗan har ya gaji."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta ɗauka ya sani tun tuni, kuma da ta ga fuskarsa sai ta kama salati tana cewa ya yafe mata. Baba ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, ya jingina da zahafar. Har aka kira azahar yana nan. Na kawo shayi ya huce a gabansa. Na yi ta kai da kawo ina neman abin yi, don ganinsa a zaune ya fi duk wata tsawarsa tayar mini da hankali.

Kwana biyu bayan haka Goggo ta wuce Makka da mutanenta. Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Baba ya fita, ya dawo da reshe mai baki biyu, ya zauna yana fere shi. Na ce, "Baba, me za ka yi da wannan?" Ya ce sandar dogarawa ce, ko ban ga ya tsufa ba. Na san ƙarya ce. Na ce ya bari Goggo ta dawo, ya bari a samu matasa. Ya ce, "Ke," irin wadda ke rufe magana.

Ranar Juma'a da sassafe, washegarin dawowar Auta, ya tashe shi ya ce a gwada sau ɗaya tak, ya sauya ɗauri. Auta ya yi ƙunƙuni, ya ce, "Tayyib, yalla, amma wannan ce ta ƙarshe." Mai ruwa ya ba da jakuna ya tafi abinsa. Filin ba kowa sai mu uku. Baba ya miƙa wa Auta igiya ya ce, "Ka dubi gabanka. Kome ka ji kada ka waiwayo, jakunan za su kauce."

Suka tafi. Baba na biye a gefen hagu yana dogara gwafar, ni ina bayansa da mayafina a hannu. Da aka zo gawar motar, Auta ya karya jakunan, ƙafar zahafa ta fara ɗagawa kamar kullum. Sai na ga tsohon nan mai shekara saba'in da ɗoriya ya yi tsalle ɗaya, ya kafa bakin gwafa a jikin gungume, ya sa gindinta a kafaɗa. Ƙafafunsa suka nutse cikin gishiri. Gungumen ya taho masa, ya tsaya, ya yi kamar yana shawara. Na ji wani abu ya yi ƙara, ƙas. Sannan ƙafar zahafa ta koma ƙasa, ta sha kwana a tsaye, ta miƙe.

Auta na gaba yana ihu da Larabci, yana cewa ta wuce, ta wuce, bai saki igiya ba sai da ya ƙara taku ashirin. Baba na durƙushe, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya ce, "Ɗaga ni kafin ya juyo." Na ɗaga shi ta hagu, na karɓi gwafar na riƙe a bayana. Auta ya rugo ya sumbaci kansa, yana dariya yana hawaye, yana cewa, "Ka yi ta, ya Abuya, wallahi ka yi ta." Baba ya yi murmushi ya ce, "Na gane ɗaurin."

A hanyar gida Auta ya yi gaba da jakuna. Baba ya jingina da ni, nauyinsa bai kai na buhun gawayi ba. Ya ce, "Sau ɗaya na yi. Shi kullum, shekara takwas." Muka ƙara 'yan taku. "Kada ki gaya wa yaron nan ina da rai. Bari ya yi murnarsa. Ni ma an bar ni na yi tawa."

Ya ce wa mutanen gida a banɗaki ya zame. Ƙashin wuyansa ne ya karye. Maɗori ya ɗora, amma zazzaɓi ya shiga, ya sauka a ƙirji, asibiti kuwa Baba ya ce ko gawarsa ba za a kai ba. Goggo ta dawo daga Arfa ta same shi kwance, ta dubi kafaɗar, ta dube ni. A hannunta ya cika, kwana goma sha tara bayan ranar filin, da la'asar. Allah ya gafarta masa gaggawarsa da faɗansa, ya saka masa da ƙofofin da ya gyara da ƙafar da ya wanke, ya sada shi da tsohonsa su ƙarasa maganar da suka bari.

Na so in yi shiru har abada, don ban ga amfanin ƙwace wa Auta abin da aka ba shi ba. Amma bayan sadakar arba'in sai ya shigo da zumuɗinsa, ya ce ya gayyaci 'yan gareji da duk unguwa, Juma'a mai zuwa zai ja ta goma sha ɗaya a gabansu, waɗanda suka yi wa Baba dariya su gani da idonsu. Na san za ta zube a gaban kowa. Na shiga ɗaki na ɗauko gwafar daga ƙarƙashin gado, na zaunar da shi, na gaya masa duka, tun daga butar Goggo har hanyar gida.

Da na gama ya karɓi gwafar yana juya ta a hannu. Can ya ce, "Na ji ƙarar, Yaya. Wallahi na ji ta. Na ce a raina katako ne, kuma ya ce kada in waiwayo."

Na ce na sani, ba laifinsa ba ne, umarni ya bi. Ban ga alamar maganar ta shige shi ba. Ya miƙe ya je wajen gungumen, ya kafa bakin gwafar, ya ɗora gindinta bisa ƙashin wuyansa, ya ce, "Nan ya sa ta?"

Na ce nan ne. Sannan na kama hannunsa na sauko da ita ƙasa kaɗan, cikin tsokar da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, na sa ya ja ƙafar dama baya. Goggo ce ta nuna mini kafin ta hau jirgi. Ta ce a nan Kaka ke sa ta, nan ne ba ta karya ƙashi, kuma da Baba ya jira ta dawo daga Makka da ta nuna masa. Kwana goma ne kawai.